Umaru Ganda: Ɗan Dakon Abijan da Ya Kai Fim ɗin Nijar Bikin Cannes

A watan Mayun 2025 aka nuna fim ɗin My Father's Shadow na Akinola Davies Jr. a bikin finafinai na Cannes da ke kudancin Faransa, jaridun Najeriya kuwa suka cika da murna, domin shi ne fim ɗin ƙasar na farko da hukumar bikin ta sanya cikin jerin zaɓinta. Murnar ta dace. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu murnar suka san cewa shekara 56 kafin wannan rana, wani fim na minti 45, baƙi da fari, wanda 'yan wasansa ke magana da Zabarmanci, ya riga ya taso daga Yamai ya shiga wannan gari, a sashen da masu sharhin finafinai ke zaɓen abin da za a nuna. Sunan fim ɗin Cabascabo. Wanda ya rubuta shi, ya ba da umarni, kuma ya fito a matsayin jaruminsa, tsohon soja ne da karatunsa ya tsaya a firamare, wanda shekara 12 kafin nan yake sauke buhuna a tashar jiragen ruwa ta Abijan. Shi ne Umaru Ganda, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Oumarou Ganda.

Ga matashin da ke zaune a Dogon Daji ko Kebbe, wannan ba labarin wata uwa duniya ba ne. Idan aka miƙa layi a taswira, Yamai ta fi Kano kusa da Dogon Daji, kuma hanyar da ta bi ta Jega da Birnin Kebbi da Kamba ta faɗa Gaya da Dosso tsohuwar hanya ce ta fatake da 'yan ci-rani. Abubuwan da suka sassaƙa rayuwar Ganda ma sanannu ne a ƙasar Sakkwato. Akwai gidajen da har yau ake tuna kakan da Ingilishi suka kwasa zuwa yaƙin Bama. Akwai tsohuwar al'adar fita neman kuɗi da zarar an kawar da amfanin gona, wadda a da take kai samari Gwanja da Kurmi, yanzu kuma Legas da Fatakwal. Akwai kuma gidan kallo, inda yaro ke biyan 'yan canjinsa ya zauna a benci, ya fito da sunan wani jarumin Indiya ko ɗan ƙwallon Turai, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Ta wannan ƙofa ta masu kallo Ganda ya shiga harkar fim.

An haife shi a Yamai a 1935, cikin al'ummar Zabarmawa, lokacin Nijar na hannun Faransa. Ya yi firamare a garin, yana ɗan shekara 16 ya shiga aikin soja, a 1951. Faransa a lokacin tana cikin yaƙin da ta fara tun ƙarshen 1946 don hana Vietnam kuɓuce mata, kuma ba ta son tura yaranta da aka ɗauka aikin soja na dole zuwa can, saboda haka ta jingina da sojan haya da kuma 'yan mulkin mallaka. Dubun dubatar 'yan Afirka ta Yamma suka bi jirgin ruwa zuwa Indochina, ana kiransu da suna ɗaya, maharban Senegal, ko da mutum daga Dosso ya fito ko daga Mopti. Ganda ya yi shekara biyu a can. Abin da ke da ɗaci a wannan yaƙi a fili yake: wanda aka mallaka aka bai wa bindiga ya je ya harbi wani wanda aka mallaka, don ya ƙi yarda a ci gaba da mallakarsa. Mayaƙan Ho Chi Minh sun san haka, shi ya sa suka riƙa watsa takardu suna jan hankalin sojojin Afirka kan cewa abokin gabarsu ɗaya ne. A ranar 7 ga Mayun 1954 sansanin Dien Bien Phu ya faɗi, Faransa ta sha kashi, a watan Yuli aka sa hannu a Geneva. A 1955 Ganda ya tuɓe kaki.

Ya koma gida bai tarar da komai ba. Sojan da ya dawo daga yaƙin da aka ci nasara yana da abin tunƙaho ko da aljihunsa wayam ne. Wanda ya dawo daga yaƙin da aka sha kashi, yaƙin da ma ba nasa ba, ba shi da ko wannan. Aiki ya gagara a Yamai, sai ya bi sawun dubban 'yan Nijar zuwa gaɓar teku. Abijan a lokacin tana tashe: an buɗe mashigin Vridi a 1950, manyan jirage suka samu shiga, tashar ta zama bakin da koko da gahawa da katako ke fita. Ana buƙatar masu ƙarfi a kafaɗa. Ganda ya zama ɗan dako, lebura na yini, wanda in an ɗauke shi yau ba shi da tabbacin gobe. Ya zauna a Treichville, unguwar baƙi da talakawa, wadda ruwa ya raba ta da unguwar Turawa da ofisoshi.

A Treichville akwai gidajen silima, kuma su ne makarantar dare ta samarin unguwar. Finafinan kaboyi da na 'yan fashin Amurka da na 'yan dambe su ake nunawa. Samarin da suka wuni suna ɗaukar kaya su kan shiga duhun silima su ga mutanen da ke da mota da kwat da bindiga da budurwa, su fito su rarraba sunayen a tsakaninsu. Wani ya zama Tarzan, wani Eddie Constantine. Ganda shi ne Edward G. Robinson, ɗan wasan Amurka gajere mai murtuke fuska, wanda ya yi suna da fitowa a matsayin shugaban 'yan daba. Mai raina wannan ɗabi'a zai ce shirme ne na yara. Amma mutumin da ba a tambayar sunansa a wurin aiki, sai dai a ƙirga shi cikin lebura nawa aka ɗauka, in ya ara wa kansa sunan wanda duniya ta sani, wani abu yake faɗa game da darajar da yake ganin ta dace da shi.

A wannan hali Jean Rouch ya same shi. Rouch Bafaranshe ne da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya da gada, daga baya ya koma nazarin al'adun Songhai da Zabarmawa, yana yawo da ƙaramar kyamara. A tsakiyar shekarun 1950 yana bin diddigin 'yan ci-ranin Nijar a Gana da Kwaddebuwa, sai ya ɗauki Ganda aikin tattara bayanai da ƙididdiga a tsakanin 'yan'uwansa baƙi. Daga tambayar mutane nawa suke samu da nawa suke aikawa gida, aka zarce zuwa fim. A 1957 aka ɗauki hotunan abin da ya zama Moi, un noir, wato Ni, Baƙar Fata, wanda ya fito a 1958.

Yadda aka yi fim ɗin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan rigimar da ta biyo baya ta samo tushe. Kyamarar Rouch ba ta ɗaukar murya tare da hoto. Saboda haka aka bi samarin da ita cikin mako gudansu: neman aiki da safe, dako, cin abinci a rumfa, dambe, rawa ranar Asabar, wanka a teku, salla, barasa, faɗa da wani matuƙin jirgi Ba'italiye a kan wata mace da ake kira Dorothy Lamour. Bayan an harhaɗa hotunan sai aka zaunar da Ganda a gaban majigi da abin ɗaukar magana, yana kallon kansa yana magana, ba tare da rubutu a hannu ba. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne ran fim ɗin. Yana zolayar kansa, yana zagin talauci, yana mafarkin zama zakaran damben duniya, yana kwatanta rayuwarsa da ta masu mota. A ƙarshen fim ɗin ana ganinsa yana tafe a bakin ruwa da wani yaro, yana kwaikwayon yaƙin Indochina, yana jifa da gurneti na iska, yana faɗuwa ƙasa kamar wanda harsashi ya samu.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan fim a Faransa. Jean-Luc Godard, wanda a lokacin mai sharhi ne a jarida, ya yaba shi matuƙa, kuma masana tarihin fim sun daɗe suna nuna sawunsa a cikin fim ɗin Godard na farko da ya fito a 1960, wanda ake ƙirgawa cikin waɗanda suka buɗe sabon salon finafinan Faransa. Wato muryar ɗan dakon Abijan tana cikin abin da ya sauya yadda ake yin fim a Turai. Suna da kyauta kuwa na Rouch ne. A hirarrakin da ya yi daga baya Ganda bai ɓoye cewa bai gamsu ba. Yana ganin shi ma ya sa hannu a ƙirƙirar fim ɗin fiye da yadda aka nuna, yana kuma ganin an ƙara gishiri a wasu wurare, an nuna rayuwarsa yadda idon Bature ke son ganinta. Ba shi kaɗai ke da wannan ƙorafi ba. Usman Sembène na Senegal, wanda shi ma tsohon sojan Faransa ne kuma tsohon ɗan dako a Marseille, ya fuskanci Rouch a 1965 ya zarge shi da irinsa da kallon 'yan Afirka kamar yadda masani ke kallon ƙwari. Adalci dai shi ne a faɗi cewa Rouch ya buɗe wa 'yan Nijar da dama ƙofa, kuma alaƙarsa da Ganda ba ta yanke ba. Amma wanda ya ara maka riga ba ya zama mai labarinka.

Akwai kuma abin da ya wuce halin mutum ɗaya. Tun 1934 wata doka da ake kira dokar Laval ta sa ba a ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka sai da iznin gwamna, wanda zai duba labarin da waɗanda za su yi aikin. A aikace wannan ya toshe wa 'yan ƙasa hanya, har ta kai Paulin Vieyra da abokansa sun yi fim ɗinsu na 1955 a birnin Paris saboda an hana su yi a gida. Sai bayan samun 'yanci a 1960 kyamara ta fara shiga hannun masu ƙasa.

Ganda ya koma Yamai, ya samu shiga cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, inda aka kafa ƙungiyar masu sha'awar fim, ana koyar da riƙe kyamara da ɗaukar sauti da ba da umarni. Ya yi aiki a matsayin mataimakin ma'aikacin fasaha, yana koyo da hannu. Garin yana da ƙwazo a wancan zamani fiye da girmansa. A nan Mustafa Alhassan, wanda ake rubutawa Moustapha Alassane, yake zana finafinan kwaɗi masu yi wa shugabanni shaguɓe, kuma a 1966 ya fitar da fim kan saurayin da ya dawo daga waje da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi ƙauye. Da ƙungiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim a 1968, Ganda ya kawo labarin da ya shekara fiye da goma yana cinsa.

Cabascabo labarin soja ne da ya dawo daga Indochina da kuɗin sallama a aljihu. Gari ya tarbe shi, maroƙa suna kirari, abokai sun kewaye shi, mata suna masa fara'a, shi kuwa yana rabo kamar ba za su ƙare ba. Tsakanin shagalin, fim ɗin yana komawa baya yana nuna abin da ya gani a fagen daga da yadda manyansa Turawa suka riƙe shi. Da kuɗin suka ƙare, taron ya watse. Ya shiga neman aiki, ya gangaro har zuwa leburanci, inda girman da ake ba tsohon soja ya zame masa kaya, domin mai neman na abinci da shebur ba ya son a tuna masa da igiyar da ya taɓa ɗaurawa a hannu. Daga ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi gona. Abin da ya ba fim ɗin nauyi shi ne bai tsaya kan zargin Faransa kaɗai ba. Ya nuna sojan da wautarsa, ya nuna jama'ar gari da kwaɗayinsu, ya bar mai kallo ya raba laifin da kansa. Abin da aka nuna cikin 'yan mintoci a bakin ruwan Abijan a fim ɗin Rouch, a nan ya samu fili, kuma mai shi ne ke riƙe da linzami.

Shekarar da fim ɗin ya isa Cannes ba shekara ce ta yau da kullum ba. A Mayun 1968 an dakatar da bikin tun bai ƙare ba, lokacin da ɗalibai da ma'aikata suka tsayar da Faransa cak, su Godard da François Truffaut suka tsaya kai da fata cewa ba za a ci gaba da nuna finafinai ba alhali ana dukan ɗalibai a titi. Da aka dawo a 1969 siyasa ta cika zauren. Babbar kyautar ta tafi ga fim ɗin Ingila kan tawayen 'yan makarantar kwana, fim ɗin Z na Costa-Gavras kan kisan ɗan siyasa a Girka ya samu kyautar alƙalai, kuma a shekarar ce daraktoci suka kafa nasu sashen na daban. Makon Masu Sharhi, inda aka nuna Cabascabo, an kafa shi tun 1962 don finafinan farko da na biyu na sababbin daraktoci, kuma ba ya ɗaukar finafinai da yawa. Ta nan fim ɗin Sembène kan 'yar aikin gida ya bi a 1966. A ƙasar da ta tura shi yaƙi yana yaro, shekara 15 bayan Dien Bien Phu, aka zauna aka kalli yaƙin ta idon ƙaramin soja baƙar fata. Daga nan fim ɗin ya wuce bikin Mosko na wannan shekara, inda aka karrama shi, ya kuma samu yabo a bikin Carthage na Tunisiya.

Mai karatu zai iya tambaya me ya sa fim ɗin Yamai sai ya je Faransa da Rasha kafin a san da shi. Amsar tana cikin yadda kasuwar take. Gidajen silima na ƙasashen Afirka rainon Faransa kusan duka suna hannun kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke da zauren, su ke kawo finafinan, kuma tsofaffin finafinan Amurka da Indiya da suka riga suka mayar da kuɗinsu a wani wuri sun fi musu araha. Wankin fim da tace shi a Paris ake yi. Ma'aikatar Haɗin Gwiwa ta Faransa tana da ofishin fim da ke taimaka wa daraktocin Afirka da kuɗi da ɗakin tacewa, a madadin haka ta karɓi iznin nuna finafinan a cibiyoyin al'adu da makarantu, inda ba a sayar da tikiti. Saboda haka darakta na iya yin suna bai ga riba ba. Bikin ƙasa da ƙasa shi ne kusan wuri ɗaya da zai haɗu da mai sayen fim da ɗan jarida da wanda zai ba shi kuɗin aiki na gaba. Wanda ke ganin zuwa biki yawon shan iska ne da ɗaukar hoto a jan kafet bai san cewa ga irin su Ganda kasuwa ce ba, kuma ita kaɗai ce.

Wannan ƙunci ne ya haifi bikin Wagadugu. A Fabrairun 1969 wasu masu son fim, ƙarƙashin jagorancin Alimata Salembéré, suka shirya makon finafinan Afirka don mutanen gari su ga finafinan nahiyarsu. A farkon 1970 gwamnatin Janar Sangoulé Lamizana ta ƙwace gidajen silimar ƙasar daga hannun kamfanonin nan biyu bayan saɓani kan kuɗin shiga, su kuma suka rama da hana ta finafinai na wani lokaci. A 1972 aka mayar da makon cikakken biki na hukuma mai gasa, wanda aka sani da FESPACO, aka sa wa babbar kyautarsa sunan Ingarman Yennenga, don tunawa da gimbiyar da Mosawa ke ɗauka uwar masarautunsu. Wanda ya fara ɗaukar wannan ingarma a tarihi Umaru Ganda ne, da fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame.

Kalmar farko ta sunan 'yar'uwar wa'azi ce a Hausa. Labarin kuwa duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san irinsa. Wani mai hali ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, yana da mata biyu, idonsa ya faɗa kan Satu, yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Kuɗi ya yi magana, iyaye suka sauya ra'ayi, Garba ya bar gari cikin fushi. Matar Alhaji ta biyu ta ƙudura ba za a yi mata kishiya ba, ta shirya kashe amarya da dare, sai hannunta ya faɗa kan ƙawar amarya. Ganda bai ɗora wa addini laifi ba. Abin da ya sa a gaba shi ne mutumin da ke sayen mutunci da rawani, da iyayen da ke sayar da 'ya, da jama'ar da ke gani ta yi shiru saboda mai abin yana da abin hannu. A fim na gaba, Saïtane, wato Shaiɗan, ya ƙara matsawa: malamin tsibbu ne ke zama kawali tsakanin matar aure da wani attajiri. Ko a yau, bayan fiye da shekara 50, marubucin Kannywood zai yi dogon tunani kafin ya kai irin wannan labari gaban hukumar tace finafinai ta Kano.

Kuɗin wannan ƙarfin hali ba Ganda kaɗai ya biya ba. Zalika Sule, wadda ake rubutawa Zalika Souley, ta fito a finafinansa, ita ce kishiyar da ta yi kisa, kuma tana cikin matan farko da suka riƙi fim sana'a a wannan yanki na Afirka. Jama'a ba su raba ta da rawar da take takawa ba, ta sha zagi da tsangwama a gari. Bayan masana'antar ta durƙushe ta shiga ƙunci, har ta je ƙasar waje aikin gida. Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta mai suna Al'lèèssi, Zalika kuma ta rasu a 2021. 'Yan wasan Hausa mata da ke kukan yadda ake kallonsu suna da magabaciya a tsallaken iyaka.

A watan Afrilun 1974 Laftanar Kanar Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori Hamani, ana tsakiyar fari da yunwar da suka cinye dabbobi da mutane daga Agadas har ƙasar Sakkwato. Ganda ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin soja, galibi finafinan gaskiya na al'adu, kafin ya fitar da dogon fim ɗinsa na ƙarshe a 1980, L'Exilé, wato wanda ya yi gudun hijira. Wani jakadan Afirka ne da ya bar muƙaminsa yake zaune a Turai, yana ba abokansa tatsuniyar wani sarki da ya ji samari biyu suna cewa za su ba da kawunansu in za a aura musu 'ya'yansa. Sarki ya aura musu, daga baya ya nemi a cika magana. Fim ne kan nauyin alkawari, a zamanin da masu mulki a nahiyar ke rantsuwa da safe su warware da yamma, kuma tatsuniya tsohuwar mafaka ce ga mai son gaya wa sarki gaskiya ya kwana a gidansa. A cikin ayyukansa na wannan shekara akwai wani ɗan fim kan halartar Nijar bikin Carthage. Yaron da ya fara da zama a bencin silimar Treichville ya kai ga juya kyamara kan bikin kansa.

Ya rasu a Yamai ranar 1 ga Janairun 1981, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 45, yana cikin shirin wani sabon aiki. Duka shekarunsa na ba da umarni ba su wuce 12 ba.

Gwamnatin Nijar ta sa sunansa a babbar cibiyar al'adu ta Yamai, wadda har yau ake taro da wasanni a cikinta. Masana'antar da ya taimaka aka kafa kuwa ba ta daɗe a bayansa ba. Kuɗin yuraniyom ya ja baya a shekarun 1980, tallafi ya ƙafe, bidiyo ya shigo, gidajen silima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Finafinan Hausa na Kano, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990, su suka cike gurbin a Maraɗi da Damagaram da Yamai kanta, suka yi abin da Ganda bai samu yi ba, wato rayuwa da kuɗin masu kallo na gida, ko da yake har yanzu ba su cika taka manyan bukukuwan duniya ba. Matashin Dogon Daji da ke da waya a hannu zai fi saurin samun fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Hausa a kan Cabascabo.

Batun da ya ɗauko a fim ɗinsa na farko ma bai mutu da shi ba. A ƙarshen 1959 Faransa ta daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashen da ta mallaka, ya zama tsohon soja ɗan Afirka yana karɓar ɗan abin da bai kai ko kusa da na takwaransa Bafaranshe ba. Sai a 2006, bayan fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb ya ci kyauta a Cannes ya tayar da ƙura, gwamnatin Jacques Chirac ta sanar da daidaita kuɗin, lokacin mafi yawan masu haƙƙin suna kabari. Rouch ya rasu a Fabrairun 2004 a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, daf da iyakar Illela, aka binne shi a Yamai, aka sa sunansa a cibiyar al'adun da Ganda ya koyi aiki. A 2024 gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani, bayan ta sallami sojojin Faransa, ta cire sunan ta sa na Mustafa Alhassan.

A Wagadugu, FESPACO ta ware kyauta da sunan Umaru Ganda don fim ɗin farko mafi kyau na sabon darakta. A 2001 ɗan Najeriya Newton Aduaka ya karɓe ta da fim ɗinsa Rage. A 2007 Aduaka ya koma ya ɗauki Ingarman Yennenga, shekara 35 bayan Ganda, da Ezra, labarin yaron da aka sace daga makaranta aka ba shi bindiga a yaƙin basasa.